“Tarihi a Rana Irin ta Yau”: Wace Rana, a Wace Kalanda, Kuma Wa Ya Zaɓa Mana?

Shin ranar da wani abu ya faru tana dawowa da gaske duk shekara, ko mu ne ke kafa mata turke mu ce ta dawo? In ma ta dawo, da lissafin wace kalanda?

Gardamar ta tashi ne a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai da nake ciki a nan Birnin Kebbi. Ranar 27 ga Agusta, tun kafin a fito sallar asuba aka fara turo hotunan murnar zagayowar ranar ƙirƙiro jihar Kebbi. Can da hantsi wani ya jefo dogon jerin abubuwan da suka faru a duniya a rana irin wannan, ya ƙara da cewa lallai akwai sirri a cikinta. Wani ustazu ya ce duk bidi'a ce da kwaikwayon Nasara. Sai wani yayanmu da ya girme mu sosai ya ce shi abin da ya sani, Babangida da babbar Sallah ya yi juyin mulki, yana tuna suyar nama ake yi a gidansu aka ji a rediyo, to yaya za a ce yau ce ranar alhali ko ragon layya ba a fara tayawa ba? Aka yi masa dariya. Shi kuwa ya fi kowa kusa da bakin zaren.

Abin da ke cikin buhun 27 ga Agusta

Jerin da aka turo ba ƙarya ba ne. A wannan rana ta 1896 aka yi yaƙin da ake ɗauka mafi gajarta a tarihi, a tsibirin Zanzibar. Sarkin ƙasar ya rasu kwana biyu kafin nan, ɗan'uwansa Khalid bin Bargash ya haye gadon ba da yawun Turawan Ingila ba. Suka ba shi wa'adi zuwa ƙarfe tara na safe ya sauka, ya ƙi. Jiragen ruwan yaƙi suka buɗe wa fada wuta, cikin abin da bai wuce minti 45 ba aka gama: mutanen sarki kusan 500 sun mutu ko sun jikkata, a ɓangaren Turawa mutum ɗaya ya ji rauni, Khalid ya tsere ofishin jakadancin Jamus. Matar da ta ɗora wake lokacin da aka fara harbi, ba ta sauke tukunya ba aka ƙare yaƙin.

A rana irin ta, a 1883, dutsen Karakatawa na ƙasar Indonesiya ya yi bindiga, aka ji ƙararsa a wani tsibiri mai nisan kilomita kusan 4,800, mutum fiye da 36,000 suka hallaka. A 1859 kuma, wani Ba'amurke mai suna Edwin Drake ya tarar da mai a rijiyar da ya haƙa a jihar Fensilbaniya, wadda ake lissafawa a matsayin mafarin sana'ar haƙar mai ta zamani.

Na gida guda biyu ne. 27 ga Agusta 1985 Janar Ibrahim Babangida ya kifar da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari. 27 ga Agusta 1991 ya ƙirƙiro sababbin jihohi tara, har da Kebbi da Jigawa da Yobe, jimla ta zama 30. Wannan haɗuwar ba ta bukatar malamin duba. Shugaban ya sanar ne a ranar cikarsa shekara shida a kan mulki. Ke nan ranar haihuwar Kebbi aro ce daga ranar juyin mulki. Zamfara ma haka: Janar Sani Abacha ya sanar da ita tare da Gombe da Nasarawa da wasu uku a jawabin 1 ga Oktoba 1996, ranar bikin 'yancin kai. Shi ya sa lamarinta ya zama kamar na wanda aka ɗaura wa aure ranar Sallah, bai san wa ya zo dominsa ba, wa ya zo yawon Sallah.

Mece ce zagayowar rana?

A taƙaice, dawowar lamba ce da sunan wata a kan takardar kalanda. To mu nan kalanda uku muke rayuwa da su a lokaci guda, ko da ba mu cika lura ba.

Ta farko ita ce ta boko, mai bin rana, kwana 365 da kusan rubu'i. Da ita ake biyan albashi, ake buɗe makaranta, ake zaɓe. Ta biyu ta Hijira, mai bin wata, kwana 354 ko 355, wadda aka tsara farkon lissafinta a zamanin halifancin Sayyidina Umar. Da ita muke azumi da layya da zakka da idda, kuma Bahaushe ya raɗa wa watanninta sunayensa: watan cika-ciki, watan azumin tsofaffi, watan sha-ruwan tsofaffi, watan bawa. Tsakanin kalandun biyu akwai giɓin kwana goma sha ɗaya duk shekara. Shekara 33 ta boko ta kusa zama 34 ta Hijira. Saboda wannan giɓin ne aka yi ƙaramar Sallah sau biyu a cikin shekarar 2000, ɗaya a Janairu ɗaya a Disamba, kuma lissafi ya nuna watan azumi zai kama sau biyu a 2030.

Nan ne maganar yayanmu ta fito. Juyin mulkin 1985 ya faɗo ne daidai hutun babbar Sallar 1405, mataimakin Buhari, Tunde Idiagbon, yana can Makka wurin aikin hajji. Da aka zo 27 ga Agusta 1991, a lissafin Hijira tsakiyar watan Safar ne na 1412. A takardar gwamnati rana ɗaya ce, a ƙwaƙwalwar wanda ya shaida abin kuwa wata biyu ne ya raba su. Haka kisan Sardauna. Littafi ya ce Asabar 15 ga Janairu 1966. Tambayi kowace tsohuwa da ta yi wayo a lokacin, za ta ce maka cikin azumi ne, a goman ƙarshe. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Akwai ma saɓani a kan lokacin da rana ke farawa. Ta boko tana shiga da ƙarfe goma sha biyun dare, tamu da faɗuwar rana. Daren Juma'a a bakin Bahaushe shi ne daren da Bature zai ce na Alhamis. Abin da ya faru bayan isha'i yana iya samun kwanan wata biyu, gwargwadon wanda ya rubuta.

Kalanda ta uku ba a rataye ta a bango. Ita ce ta manomi da masunci da makiyayi: bazara, damina, marka, kaka, hunturu, da taurarin da malaman hisabi ke ƙirgawa don sanin lokacin shuka. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta mafarinsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ba shi da tsayayyar rana. Yakan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, lokacin da ruwan Matan Fada ya ja. Uhola ta ƙasar Zuru ma sai an kawar da amfanin gona. Ba wanda zai ce waɗannan ba tunawa ba ne don kawai ba su da lamba.

Kwanakin da ba a taɓa wayi gari da su ba

Masu ganin kalandar boko kamar daga sama ta faɗo su saurari wannan. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara tsohuwar kalandar Rumawa, wadda ta riga ta zame daga tafiyar rana da kwana goma. Mutanen Rum da Sifaniya suka kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Ingila ta ƙi bin umarnin Paparoma sai 1752, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga Satumba. Shekara biyu ke nan kacal kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Rasha ba ta sauya ba sai 1918, shi ya sa juyin juya-halin da suke kira na Oktoba ake tunawa da shi ranar 7 ga Nuwamba. Suwidin, a ƙoƙarin gyara wani rikicin lissafi da ta jefa kanta, ta yi 30 ga Fabrairu a 1712, kuma an haifi mutane a ranar. Kwanan nan ma, a 2011, ƙasar Samowa ta tsallake Juma'a 30 ga Disamba ɗungurungum don ranakun aikinta su dace da na Ostireliya. Habasha har gobe wata 13 take ƙirgawa, shekararta tana bayan ta boko da bakwai zuwa takwas.

Wannan ya shafi tarihinmu kai tsaye. Da kalandar Hijira malaman jihadi suka rubuta kwanakinsu. Yaƙin Tafkin Kwatto 12 ga Rabi'ul Awwal 1219 ne, masu bincike suka juya shi zuwa 21 ga Yuni 1804. Rasuwar Shehu 3 ga Jumada Sani 1232, aka juya zuwa 20 ga Afrilu 1817. Juyin lissafi ne mai kyau, amma yana iya zamewa da kwana ɗaya, domin wata da ido ake ganinsa, kuma mu da muka sha ganin wani gari na Sallah wani na azumi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wanda ya rubuta “yau shekara kaza da rasuwar Shehu” ranar 20 ga Afrilu, ya sani cewa almajiran Shehun da kansu ba za su gane wannan rana ba.

Haɗuwar ranaku: sirri ko yawa?

Akwai haɗuwar da ke sa mutum ya riƙe baki. Juyin mulkin da ya kawo Gowon an yi shi ne 29 ga Yuli 1966, wanda ya kawar da shi kuma 29 ga Yuli 1975. An kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a juyin 15 ga Janairu 1966, an karɓi miƙa wuyar Biyafara 15 ga Janairu 1970. A Amurka, tsofaffin shugabanni biyu, John Adams da Thomas Jefferson, sun mutu rana ɗaya, 4 ga Yuli 1826, daidai cikar ƙasar shekara 50 da shelar 'yanci.

Wasu daga cikin irin waɗannan shiri ne, kamar na jihohinmu. Sauran kuwa yawa ne kawai. Rumbu 365 gare mu, muna zuba musu abubuwan da suka faru a duniya na dubban shekaru, dole kowane ya cika ya batse. Masana lissafi sun nuna cewa in aka tara mutum 23, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗara rabi. 'Yan wasa 22 da alƙali a filin ƙwallo sun isa. Mai haɗa jerin “rana irin ta yau” yana tsince biyar masu daɗin ji ne ya watsar da dubu. Ba shi 26 ga Agusta ma, zai fito maka da abin mamaki.

Wa ke zaɓar abin da za a tuna?

A ganina nan ne asalin maganar take. Ranar tunawa hukunci ne na mai iko ko mai alƙalami. Daga dawowar mulkin farar hula, 29 ga Mayu ce ranar dimokuraɗiyya. A 2018 Shugaba Buhari ya mayar da ita 12 ga Yuni, don tunawa da zaɓen 1993 da aka soke. Babu abin da ya canza a tarihi, ra'ayin mai mulki ne ya canza, hutun ya tashi ya koma wani wata. Hutun 1 ga Muharram da jihohi da dama na Arewa kan bayar shi ma zaɓi ne na wannan zamani.

Kuma kalanda tana da son kai: abin da ya faru farat ɗaya kawai take iya riƙewa. Za a iya cewa 26 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata a Jangeɓe, 17 ga Yuni na shekarar aka shiga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri. Amma gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum wajen 2010, wace rana za a sa mata? Yau ɗaya, jibi biyu, a ɗakunan da ake daka dutsen zinariya kusa da tukunyar tuwo. Ba ta da rana, saboda haka ba ta zagayowa a wayar kowa. Kanta na Kabi, wanda ya gina Surame a ƙarni na 16, ya fi yaƙin minti arba'in na Zanzibar nauyi a wurinmu nesa ba kusa ba, amma ba zai taɓa shiga jerin ba, don Turawan jirgin ruwa suna da agogo da littafin rubuta aukuwa, shi kuwa waƙa da kirari da ganuwa ya bari.

Kakanninmu da sunan shekara suka yi maganin wannan. Ana cewa shekarar Kakalaba, yunwar wajen 1914, ko 'Yar Gusau ta zamanin yaƙin Hitila, ko shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, wato 1972. A Gusau yanzu haka akwai samarin da in ka tambayi uwarsu shekarunsu za ta ce shekarar husufin rana. Laraba ce, 29 ga Maris 2006, da hantsi gari ya yi duhu kusan minti huɗu, kaji suka nufi akurki, jama'a suka ruga masallatai. Irin wannan ba ta bukatar a tuna wa kowa.

Ɗaya ga Afrilu da labarin Andalus

Duk shekara saƙon nan yana zagawa: wai ranar 1 ga Afrilu aka yaudari Musulmin Andalus aka hallaka su, daga nan aka samo ranar wawaye. Zaluncin da aka yi musu gaskiya ne, an tilasta musu barin addini, daga baya aka kori zuriyarsu daga 1609. Amma birnin Garnaɗa, daularsu ta ƙarshe, ranar 2 ga Janairu 1492 aka miƙa shi, ba a Afrilu ba. Masana tarihin Turai kansu ba su haɗu a kan asalin al'adar ba. Bayanin da aka fi yawan kawowa shi ne na dokar Faransa ta 1564 da ta tsayar da 1 ga Janairu a matsayin farkon shekara. Wanda zai hana yara ƙaryar wasa yana da hujja isasshiya a hadisi. Abin kunya ne a yaƙi ranar ƙarya da labarin da ba shi da tushe.

Masu so da masu ƙi

Malaman da ke ƙyamar bukukuwan zagayowar rana suna kafa hujja da cewa idi biyu aka shar'anta, duk ranar da ake maimaitawa da biki ta yi kama da idi. Wasu malaman suna rarrabe ibada da al'ada, su ce ranar jiha ko ta ƙasa ba neman lada ake yi da ita ba, kuma Alƙur'ani ya ce a tunatar da mutane kwanakin Allah. Tsohuwar muhawara ce, ba a zauren WhatsApp za a kashe ta ba. Akwai kuma masu ƙi na uku, waɗanda ba ruwansu da fiƙihu: ɗan fanshon da ke kallon shafukan taya murna da rumfunan biki alhali haƙƙinsa bai fito ba. Nasa ƙorafin ya fi saurin shiga kunnena. Su kuwa malaman makaranta suna cewa in ba don irin waɗannan ranaku ba, yaro zai gama sakandare bai san Kebbi da Zamfara sun taɓa zama cikin jihar Sakkwato ba, balle jihar Arewa maso Yamma ta 1967.

Inda abin ke taɓa aljihu

Kwana goma sha ɗayan nan kuɗi ne. Mai fitar da zakka da ya ɗaure ta da Disamba maimakon watan da dukiyarsa ta cika nisabi, duk shekara yana jinkirta haƙƙin talaka, a shekara 33 ya haɗiye zakkar shekara guda. Saudiyya ta san wannan lissafin sarai: a 2016 ta mayar da biyan albashin ma'aikatanta kan kalandar boko, ma'aikaci ya koma yin ƙarin kwanaki a kan kuɗin da bai ƙaru ba. Mai gidan haya da ɗan haya ma, in ba su faɗi wace shekara suke nufi ba, wata rana sai sun je gaban mai unguwa.

Sai ranar haihuwa. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya ne in ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, kuma takarda ake dubawa. Duk wanda kwanan haihuwarsa na banki ya saɓa da na katin ɗan ƙasa ya san zirga-zirga da rantsuwar kotun da ke biyo baya. Ka duba rajistar kowace makarantar ƙauye, za ka rantse matan garin sun haɗa baki suna haihuwa ranar 1 ga Janairu.

Ni ma ina cikinsu. Katina ya ce 1 ga Janairu 1985, domin ranar da aka kai ni firamare hedimasta ya sa na ɗora hannu bisa kai na kamo kunne, ya dubi tsayina ya rubuta abin da ya rubuta. Da na girma na tambayi Inna. Ta ce, “Kai ɗan nan, wane Janairu? Cikin azumi anka haihe ka, ran Alhamis, ana jiran ruwan shibka, shekarad da soja sunka canza kuɗɗi. In ba haka ba mi as sa muka ce maka Ɗanlami?” Canjin kuɗin na Afrilun 1984 ne, azumin shekarar kuma ya kama a Yuni. Alhamis huɗu ko biyar ce a cikin watan, ɗayarsu tawa ce. Duk 1 ga Janairu Facebook yana tara mana gaisuwa ni da abokan ajinmu goma sha wani abu, muna amsawa da “na gode”. In Allah ya kai mu, gwamnati za ta sallame ni a Janairun 2045, wata shida da 'yan kwanaki bayan lokacin da lissafin Inna ya ce na cika sittin.